Ɗambatta Ba Ƙugiya

Dokta Mika'ilu yana tsaye a kan kujera, yana daidaita allon sunan sabon ɗakin kwamfutoci, Malama Juwairiyya ta yi sallama daga bakin ƙofa ta ce ba ta ga Ɗambatta ba.

Bai sauko ba. Ya ce Ɗambatta na nan inda aka bar ta, arewa da Kano, kuma motoci na zuwa kullum. Irin barkwancin da ya koyo ne a ƙasar Holan, inda ya yi shekara takwas yana karatu. A can ma ba kowa ke yi masa dariya ba. Juwairiyya ta jira ya gama. Sannan ta ce foldarta take nufi, wadda ke cikin Rumbu. Da safen nan ta shiga, ta ga sunanta, ta buɗe, babu komai sai takardun da ta sa wa suna da Turanci.

Rumbu shi ne sunan da Sashen Nazarin Ƙasa da Amfanin Gona ya sa wa kwamfutocinsa da aka haɗa suna aiki kamar guda ɗaya. Malami da ɗalibi, kowa a nan yake zuba aikinsa, a nan yake lissafinsa. Tsohon Rumbu kwamfuta takwas ne a jere kan katako. Malam Ɗanliti, mai kula da na'urorin sashen, ya shekara goma sha huɗu yana lallaɓa su da fanka biyu da tsumman goge ƙura. Sabon kuwa sha shida ne, baƙaƙe, cikin kabad ɗin ƙarfe, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga sola a kan rufi. Mika'ilu ne shugaban kwamitin Rumbu. Shi ya rubuta takardar neman tallafin, shi ya zaɓi na'urorin, shi ya kwaso ayyukan mutane daga tsohon zuwa sabon kwana goma da suka wuce. Jibi Laraba shugaban tsangaya zai zo ya yanke ƙyalle. Mika'ilu har ya karɓo ɗinkin shaddarsa.

Ya sauko, ya zauna gaban kwamfuta, ya ce mata mutane da yawa ba su saba da sabon tsarin ba tukuna. Ya rubuta Ɗambatta ya nema. Babu. Ya sake rubutawa a hankali, kamar mai koya wa na'urar baƙi. Babu. Don ya nuna mata cewa neman yana aiki, sai ya rubuta Dambatta da d ɗin Turawa. Nan take foldar Farfesa Hadi ta fito cike taf, har da hotunan bikin 'yarsa.

Ya nemi gyaɗa. Babu. Ya nemi gyada, ta fito sau sittin. Ya nemi ƙasa, a sashen da ba shi da aiki sai nazarin ƙasa, na'urar ta ce ba ta san ta ba.

Wata uku da dawowarsa gida ya miƙe a taron sashe ya yi minti ashirin yana magana a kan ƙugiya. Ya ce Jamusawa ba sa yar da ɗigon da ke kan haruffansu, Turkawa ma ba sa yarwa, sai mu. Ya ce mu ne muke rubuta ƙasa ta koma kasa, sannan mu zauna muna mamakin yadda al'amura ke tafiya. Wannan jimlar ya kwana biyu yana gyaranta. Aka ɗan yi masa tafi. Washegari ya fitar da takarda mai sharaɗi uku. Duk sunan Hausa a cikin Rumbu a rubuta shi da ƙugiyarsa. Kada wanda ya ƙara fitar da bayanan bincike a filashi ko kwamfutar gida, saboda bairos mai lalata na'ura, kuma wanda ya fitar sai kwamitin ladabtarwa. Na ukun na Malam Ɗanliti ne shi kaɗai, ko da yake ba a kama suna ba: a daina kwafe Rumbu zuwa wani faifai duk ranar Juma'a, domin tsohuwar manhajar da ake kwafin da ita tana aske wa haruffa ƙugiya. A taron ya kira mai yin hakan wanzamin haruffa. Dariyar ta fi tafin yawa. Har yau Wanzami ɗalibai suke ce wa Ɗanliti a bayan idonsa.

Kowa ya ce Allah ya saka da alheri, kowa ya ci gaba da yadda ya saba. Mutum ɗaya ce ta bi takardar. Juwairiyya, da yake shi ne na biyu cikin masu duba aikin digirinta na uku, ta zauna Asabar da Lahadi ta canza sunayen fayilolinta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta goge na cikin filashinta.

Manhajar da ya yi kwason da ita daga Holan ya taho da ita. Shekara biyar yana aiki da ita a can, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Yanzu ya buɗe rahoton da ta rubuta ranar kwason, wanda ya aika wa kowa a sashen ya ce a karanta, shi kuwa bai buɗe ba sai yau. Ashe suna take dubawa. In haruffansa na Turawa ne zalla, ta ɗauka. In ta ga baƙon harafi, ta tsallake, ta rubuta a rahoto cikin ladabi cewa ta tsallake. Layi dubu huɗu da ɗoriya. Kusan duk na mutum ɗaya.

Ranar kwason ya auna nauyin bayanan tsohon da na sabon, ya ga bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ya gaya wa taron sashe cewa abin da bai zo ba shara ce. Alhamis ɗin da ta wuce ya tsaya a kan Ɗanliti har aka goge tsofaffin faifan tas, sau uku, yadda ake yi a Holan.

Sharar ita ce shekara tara ta Juwairiyya: awon ruwan sama da danshin ƙasa da yawan geron gonaki arba'in a ƙasar Ɗambatta, tun tana digiri na biyu. Ta tara su tana koyarwa a kwalejin horon malamai, tana haihuwa, tana yaye. Kundin ta gama rubuta shi. Amma malamin da zai zo daga wata jami'a ya jarraba ta ranar Alhamis ya aiko cewa yana son a sake lissafin a gabansa daga ɗanyen awo. Wannan kuma shi ne zangonta na ƙarshe. Dokar jami'a ba ta ƙara wa kowa bayansa.

"Dokta, lafiya?"

Ya rufe rahoton. Ya ce netiwok ne. Ya ce sabuwar na'ura takan yi haka kafin ta zauna, ta je ta dawo gobe.

Ta dube shi, ta dubi kabad ɗin ƙarfen mai fitilu kore suna ƙyaftawa. Ta gyara mayafinta.

"Alhamis ce fa, Dokta."

Ya ce ya sani.

Da ta fita ya zauna shi kaɗai da na'ura sha shida da ke iya lissafin ruwan saman jiha guda cikin minti biyar, ba kuma ɗayar da za ta iya dawo da layi ɗaya. Ya sake neman Ɗambatta, don kada a ce bai yi ƙoƙari ba. Yana cikin haka ya tuna wani abu. Ranar da ya karɓe faifan kwafin daga aljihun teburin Ɗanliti, akwai salatif manne a jikinsa, an rubuta 2 da biro. Faifan ya goge shi da hannunsa. A lokacin bai tambayi komai ba. Mutum mai digiri uku bai ga dalilin tambayar abin da ke zuwa kafin biyu ba.

Wayar Ɗanliti a kashe take. Hajiya Tahira, sakatariyar sashen, ta ce ai jiya ruwan shuka ya sauka, Malam Ɗanliti ya ɗauki hutun kwana biyu, yana garinsu Ɗorawar Liman, gaba da Minjibir. Ta tambaya ko Wanzami ya sake yin wani laifin ne. Mika'ilu ya ce a'a, ba shi ba ne.

Motarsa tana wurin makanike a Rijiyar Zaki tun makon jiya. Ya saɓa jakar kwamfutarsa, ya hau adaidaita sahu zuwa tasha, ya shiga motar Minjibir, ya jira ta cika. Aka matse shi tsakanin taga da wani dattijo mai buhun takin zamani a ƙarƙashin ƙafafunsa. A hanya ya yi ta tsara yadda zai ba Ɗanliti haƙuri. Sai ya tarar da Turanci yake tsarawa, in ya juya ta Hausa ta fito kamar sanarwar rediyo. Ya gwada sau uku ya bari.

Suna fita gari ƙasa ta yi duhu, ta yi laushi. Babu tazarar kirki tsakanin ƙauye da ƙauye. Gona, shingen lalle, gona, gidaje, kuka, gona. Ko'ina mutane ne a jere, na gaba yana sara da sungumi, na baya suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Mika'ilu a kan ranar shukar gero ya yi digirinsa na uku. Lissafin farko da ya gwada sabon Rumbu da shi ya ce ruwan shuka sai nan da kwana goma sha biyu. Ya tambayi dattijon ko ruwan nan bai yi wuri ba. Dattijon ya ce wane irin wuri, shamuwa ta fi mako da zuwa.

A Minjibir ya hau acaɓa. Mai babur ɗin ya ce Ɗanliti uku ne a Ɗorawar Liman, wanne daga ciki. Mika'ilu ya ce mai aiki a jami'a, na kwamfuta. Mutumin ya ce da ya ce Injiniya tun farko.

A ofis Malam Ɗanliti gajeren mutum ne cikin kaftani mai ruwan toka, mai tafiya a gefen bango. A nan singileti ce jikinsa da wando an naɗe, ga sungumi a hannu, yana tafiya yana sara ba ya ko duban ƙasa, ramukan suna fitowa a jere kamar an ja igiya. A bayansa wata tsohuwa ce da ƙoƙon iri, mahaifiyarsa, Inna Larai.

Suka gaisa. Ɗanliti ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen sashe, bai kuwa daina saran ba. Dole Mika'ilu ya bi shi a gefe, takalminsa sawu-ciki yana nutsewa cikin jiƙaƙƙen yashi. Ban haƙurin da ya tsara bai zo ba. Ya faɗi abin da ya faru yadda ya faru, da manhajar, da rahoton, da layi dubu huɗu. Ɗanliti ya saurara har ya kai ƙarshen layi, sannan ya juyo ya dogara da sungumin.

"Duk na Malama Juwairiyya?"

"Kusan duka."

"Ai ita ce mai ƙugiya."

Mika'ilu ya ce ya tuna faifan da ya karɓa an rubuta masa lamba biyu. Ya ce ya zo ne ya ji ko akwai na ɗaya.

"Ai ka hana, Dokta."

"Na hana."

"A rubuce."

"A rubuce."

Ɗanliti ya gyaɗa kai kamar malamin da ya ji karatu ya zo daidai. Ya dubi rana, ya dubi sauran gonar. Ya ce danshin nan ba zai kai gobe ba, ƙaninsa da ya yi alkawarin zuwa kuma ya wuce tasa gonar. In an gama wannan gefen sai a yi magana a zaune. Bai ce akwai ba, bai ce babu ba. Ya juya ya kama sabon layi.

Mika'ilu ya rataye jakarsa a reshen ɗorawa, ya cire takalmi da safa, ya naɗe wando.

Inna Larai ta ji ana cewa Dokta, sai ta fara ba shi labarin gwiwarta ta hagu, tun daga shekarar da ta fara. Ɗanliti ya ce mata daga nesa wannan likitan gona ne, ba na mutane ba. Ta ce to madalla, ai ga marar lafiyar nan a shimfiɗe. Ta raba irin biyu ta miƙa masa ƙoƙo.

Ya san komai game da shukar gero. Ya san zurfin rami da santimita, ya san tazarar da ta fi ba da amfani a ƙasa mai yashi, ya rubuta maƙala biyu a kai, ɗaya ma an ambace ta sau arba'in. Abin da bai sani ba shi ne yadda ake tsinko iri da yatsu uku, a sake shi cikin rami ana tafiya, a rufe da ƙafa ba tare da an tsaya ba. Rabonsa da shuka tun yana aji uku na firamare, kafin a mayar da mahaifinsa aiki kudu. Ya sunkuya a kan kowane rami. Ya zuba, ya ga ya yi yawa, ya tsince. Ya danne ƙasar da diddige kamar mai kashe kunama. Kafin ya gama layi ɗaya Inna Larai, da gwiwar tata, ta gama biyu ta dawo ta same shi.

"Likita, ƙirga su kake yi?"

"So nake su zo daidai, Inna."

"Gero ne, ba ƙwayar magani ba."

Ta tsaya ta ƙare wa layinsa kallo daga farko zuwa inda yake. Ta ce Allah ya ba gonar nan lafiya, ta wuce.

Wayarsa ta yi motsi a aljihu. Shugabar sashe ce take tambayar wane launi za a sayo na ƙyallen Laraba, kuma ko ya gama rubuta jawabinsa. Ya amsa da yatsa mai ƙasa cewa kore. Jawabin ya gama shi tun makon jiya. Akwai wurin da ya ce a ciki zamanin fanka da tsumma ya wuce.

Rana ta ɗaga. Bayansa ya fara ciwo daga ƙugu. Ya riƙa tunanin abin da zai gaya wa Juwairiyya in babu na ɗaya. Netiwok ba zai kai shi Alhamis ba. Bairos zai iya kai shi, in ya daure fuska. Akwai kuma hanya ta uku. Hannun Ɗanliti ne ya danna gogewar, sa hannun Ɗanliti ne a takardar sito, kuma duk sashen sun riga sun san wanda ake zargi in na'ura ta yi ba daidai ba. Mika'ilu ya so a ce tunanin ya zo ne ya kore shi nan take. Gaskiya rabin layi ya yi yana juya shi, yana zuba gero a ramukan da mutumin ya sara masa.

Suka gama gefen bayan azahar ta ɗan gota. Suka yi alwala da ruwan jarka, Ɗanliti ya ja su salla a gindin ɗorawa. Inna Larai ta dama fura. Mika'ilu ya sha kamar wanda bai taɓa jin labarin ƙwayoyin cuta ba. Ya jira a yi maganar a zaune. Ɗanliti ya yi magana a kan tsadar iri, da wani maƙwabci da ke cin iyaka taku ɗaya duk shekara, da batirin solar sabon ɗakin, wanda ya ce an ajiye shi kusa da bangon da ke tsattsafo. Mika'ilu ya ce za a matsar. Sannan Ɗanliti ya miƙe ya ce su je gida.

A bayan gidan akwai rumbun ƙasa a kan duwatsu, da hular ciyawa. Ɗanliti ya jingina tsani, ya hau, ya ture hular gefe, ya sauko. Ya ce shi bayansa ya riƙe, kuma dai ai Dokta ne shugaban kwamitin Rumbu.

Mika'ilu ya hau. Bakin rumbun bai fi faɗin kafaɗunsa ba. Ya zura ƙafafu, ya nemi wurin takawa bai samu ba, ya sulale ciki ya faɗa kan ragowar dammunan bara. Ciki da sanyi, da ɗan duhu, da ƙanshin tsohon gero. Ƙaiƙayi ya shiga wuyan rigarsa nan take. Daga waje Ɗanliti ya ce ya laluba gabas, jikin bango. Ya laluba. Hannunsa ya taɓa wani abu cikin leda, an ɗaure da tsumma. Gwangwanin madara ne babba. Ya kwance, ya buɗe a ƙarƙashin hasken da ke shigowa ta sama. Faifai ne, da salatif a jikinsa, an rubuta 1 da biro.

Ya daɗe yana kallon lambar. Bai taɓa ganin ɗaya mai kyau haka ba.

Fitowar ta fi shigar wuya. Sai da Ɗanliti, mai ciwon bayan, ya hau tsanin ya jawo shi da hannu ɗaya.

A zaure Ɗanliti ya yi bayani a taƙaice, yana kaɗe wa baƙonsa ƙaiƙayi daga kafaɗa. Da faifai biyu yake yi, wannan makon wannan, wancan makon wancan, kullum ɗaya na ofis ɗaya na gida. Da aka karɓe na biyu ya ci gaba da na ɗaya. Ranar Juma'a yakan shigo da shi cikin jaka, ya jona lokacin da Dokta ya tafi masallaci, ya cire kafin a tashi. Na ƙarshe ya yi shi ne Juma'ar da ta gabaci kwason. Ya ce rumbu ba ya yoyo, ba wutar da za ta dawo da ƙarfi ta ƙone abin da ke ciki, kuma ɓarawon kwamfuta ba ya leƙa rumbu, ɓarawon gero kuwa ba ruwansa da gwangwani.

Mika'ilu ya buɗe kwamfutarsa a kan tabarma, ya jona faifan. Faifan ya yi ƙara kamar tsoho mai gyaran murya, ya yi shiru, ya sake. Sunayen mutanen sashe suka jeru. Ya danna Juwairiyya. Ga ta nan, Dambatta, an aske ta tas. Ya buɗe. Shekara tara a jere, gona arba'in a kowace shekara. Ya buɗe ta farko da ta ƙarshe da biyu a tsakiya. Lambobin suna nan.

Ɗanliti ya leƙo ta kafaɗarsa ya gani, ya koma ya zauna. Ya ce akwai magana ɗaya. Takardar Dokta ta ce wanda ya fitar da bayanai daga jami'a sai kwamitin ladabtarwa, shi kuwa saura masa shekara biyar ya yi ritaya, yana so ya yi ta da mutuncinsa.

"Ka zuba su cikin sabon, ka yi shiru. In an tambaya ka ce netiwok ne ya dawo. Ni ma na sha faɗa, netiwok ba ya musu."

Mika'ilu bai gaya masa abin da ya ce wa Juwairiyya da safe ba. Ya dubi shawarar ta kowane gefe, bai ga inda ta yi rauni ba. Juwairiyya za ta samu aikinta. Ɗanliti zai tsira. Laraba za ta zo da ƙyalle kore da shadda da jawabi, ba sai an cire ko layi ɗaya ba. Tun dawowarsa gida ba a taɓa ba shi shawarar da ta fi wannan tsari ba.

Ya ɗauki waya ya kira Juwairiyya. Ba ta shiga ba. A nan netiwok ɗin da gaske babu. Ɗanliti ya ce sai a kan tsanin rumbu, mataki na biyar, a fuskanci kudu.

Ya hau ya fuskanci kudu. Ta ɗauka a bugu na biyu. Ya ce an samu, duka, ya duba da idonsa. Ta yi hamdala a hankali, sau biyu. Yana jin kukan yaro a bayanta da ƙarar famfo. A nan ya kamata ya ce sai gobe.

"Malama Juwairiyya, ba netiwok ba ne. Manhajata ce ta tsallake duk sunan da ke da ƙugiya. Ta rubuta a rahoto, ni ban karanta ba. Na sa aka goge tsohon. Wanda ya ajiye miki aikinki wani ne, ba ni ba."

"Na sani, Dokta. Na karanta rahoton kafin in zo wurinka."

Ya riƙe tsanin da ɗayan hannun.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na ga kana kan kujera." Ya ji ta lallashi yaron. "Ai kai ka ce kowa ya karanta. Ni duk abin da ka rubuta ina karantawa."

Ya ce haka ne. Ya ce gobe da sassafe zai kawo mata.

"Don Allah abu ɗaya, Dokta. Kada ka gyara komai. Ka kawo shi yadda yake."

Ya sauko. Ɗanliti yana bakin zaure, kuma tsakanin zauren da rumbun babu nisan da zai ɓoye magana. Mika'ilu ya ce masa takardar shi ya rubuta ta, gobe zai janye ta. Ya ce ranar Laraba, kafin a yanke ƙyallen, zai faɗi wanda ya yi ɓarnar da wanda ya gyara, kuma faifan Juma'a zai dawo, guda biyu.

"Ka fara janyewar tukuna."

"Zan fara."

"A rubuce."

"A rubuce."

Inna Larai ta leƙo ta ce in Likita ba sauri yake ba, gobe akwai shukar dawa. Ɗanliti ya ce mata Likita yana da marasa lafiya a birni.

Mika'ilu ya koma kan tabarma don ya cire faifan. Foldar shekarar bara ce a buɗe, da 'yan foldodinta uku a ciki. Ruwa. Gero. Ta ukun, inda Juwairiyya ta zuba awon danshi, wanzami ya bi ta kanta. Kasa. Bai san lokacin da yatsansa ya kai kibiyar kan sunan ba. Dannawa biyu ce kawai.

Ɗanliti yana kallon yatsan.

"A sa mata ƙugiyar ne, Dokta?"

Mika'ilu ya sosa wuyansa inda ƙaiƙayin ya fi ci. Ya janye hannunsa.

"A bar ta. Yau daidai take."